IDAN MAKULLIN MOTA YA CIJE

Jawabin da wani ɗan kasuwa daga cikin 'yan ƙungiya ya gabatar a zaman wata-wata na Hausawa mazauna Moduganari, Maiduguri

 

Ran da sakatare ya same ni a shago ya ce wannan karon ni zan yi magana, na ce masa to a kan me? Ni ba malami ba, ba ɗan boko ba, iyakata Islamiyya, daga nan sai kasuwa. Ya ce in faɗi abin da na sani kawai. Na ce to, zan yi magana a kan makullin mota. Ya yi ta dariya, yana tsammani wasa nake yi. Wallahi ba wasa ba ne. Yau shekara 25 ke nan ina bin hanyar Kano, in saro atamfa da shadda a Kantin Kwari in kawo Kasuwar Monday, kuma a duk wannan kai da komo ban taɓa shiga firgici irin na ranar da wannan ɗan ƙarfen, wanda bai kai tsawon yatsa ba, ya ƙi juyawa a hannuna.

Abin ya faru ne a watan Janairu na 2020, cikin tsakiyar hunturu. Na taso daga Kano da sassafe a 'yar tsohuwar motata ta Kwatano, ni da yarona, bayanta danƙare da kaya. Muka wuce Wudil, Azare, Potiskum, Damaturu, ba wata matsala. Wajen ƙarfe 2 da rabi muka tsaya a Benisheikh don mu yi salla. Duk wanda ya bi hanyar nan a waɗancan shekaru ya san yadda take: a lokacin sojoji kan rufe hanyar shiga gari da ƙarfe 5 na yamma, wanda bai shigo ba sai ya kwana a waje. Saura kimanin kilomita 70 a gabana, lokaci kuma yana nan isasshe, don haka hankalina kwance. Muka idar, na shiga, na zura makulli, na murɗa. Ko motsi. Na zare na sake zurawa, na murɗa da ƙarfi. Kamar an yi masa walda.

Kun san halin mutanenmu, kafin ka ce kwabo an kewaye motar. Wannan ya ce a zuba baƙin mai, wancan ya ce a buga da dutse. Wani saurayi ya ruga ya ɗauko filaya, ya ce Alhaji kawo in murɗa maka, yanzu za ta tashi. Na kusa miƙa masa, domin na duba agogo na ga 3 ta wuce, kuma ni kaina garin kokawa na riga na ɗan lanƙwasa makullin. Ana cikin haka sai wani dattijo, direban babbar mota, da yake zaune a kan tabarma yana kallonmu, ya taso ya ce, "Alhaji, dakata. Dubi tayarka." Na duba, ashe da na zo tsayawa na karya kan motar, tayar gaba ta hau jikin kwalabati ta tokare. Ya sa samari suka ɗan tura motar baya kamar taku ɗaya. Ya karɓi makullin, ya ɗora a kan katako ya miƙar da shi a hankali, ya aro fensir wurin wani ɗan makaranta ya goga bakin a jikinsa ciki da waje. Sa'an nan ya zauna, ya kama sitiyari da hannu ɗaya yana ɗan girgiza shi dama da hagu, ɗaya hannun yana taɓa makullin kamar mai lallashin yaro. Sai ji muka yi ƙyas, mota ta tashi. Ya ce, "Kada ka kashe ta sai a ƙofar gidanka." Ko sisi bai karɓa ba.

Mun shigo gari da 'yan mintoci a hannu. Bayan makonni kaɗan, ran 9 ga Fabrairu, aka yi abin da aka yi a Auno, inda aka auka wa matafiyan da suka tarar an rufe hanya suka kwana a bakin titi, aka kashe mutum 30 ko fiye, aka ƙone motoci. Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta. Ban faɗi wannan don in tayar wa kowa da miki ba. Na faɗa ne don ku gane cewa a hanyoyinmu na nan, mota ta ƙi tashi na awa ɗaya ba ƙaramin al'amari ba ne. Kuma laifin ranar nan nawa ne. Wata 3 makullin nan yana yi mini gardama, wata rana sai na ɗan ja shi baya, wata rana sai na jijjiga shi, ni kuwa kullum sai in ce gobe. Na biyunsa kuma yana nan Moduganari cikin kwabar uwargida, yana hutawa.

To bari in gaya muku abin da na koya tun daga ranar, wani daga bakin dattijon nan, wani daga wurin mai gyaran makullai da na kai wa motar, wanda na zauna a gabansa har ya warware komai ya baje a kan tire ina gani.

Wurin nan da kuke zura makulli, abu 3 ne a haɗe cikin gida ɗaya. Na farko shi ne ɗan bututun da makullin yake shiga. A cikinsa akwai wasu 'yan faya-fayan tagulla sirara, kowanne da ɗan sifirin ɗinsa, wanda bai fi ƙwayar gero ba. Haƙoran makullinka su ne suke ture kowane faifai zuwa mazauninsa, in duk suka daidaita sai bututun ya samu hanyar juyawa. In ɗaya tak ya leƙo waje, ba inda za shi. Na biyu shi ne wani ƙarfe kamar sakata, wanda yake faɗawa cikin sandar sitiyari da zarar ka zare makulli, don kada ɓarawo ya iya tuƙa motar. Na uku yana can baya, shi ne makunnin wuta, inda wayoyi suke haɗuwa, mai aika wuta ga inji da kik. Kowanne daga cikin ukun nan yana da irin ciwonsa, kuma maganin wani ba ya yi wa wani.

Wanda ya fi yawa, kuma ya fi sauƙi, shi ne na sakata. In ka tsaya da kan mota a karye, ko taya ta tokari dutse ko tudun yashi, ko yara sun shiga suna wasa da sitiyari, to nauyin gaban motar gaba ɗaya yana danne da sakatar nan. Kai kuma kana so ka zare ta da ɗan makulli. Ina! Alamarsa ita ce, in ka taɓa sitiyari za ka ji ya ƙage, gefe ɗaya ba ya motsi sam, ɗaya gefen yana ɗan ba da kai. To wajen gefen da yake ba da kai za ka ja shi, ka riƙe, kana murɗa makullin a hankali. Sau da yawa shi ke nan. Masu motar da take sauya giya da kanta kuma, ku fara duba sandar giya, ku tabbata ta zauna daram a kan P. In ba ta zauna ba motar tana iya ƙin yin kik, kuma ba za ta sakar maka makulli ba in ka zo zarewa. Wasu motocin ma in batir ya mutu sai su riƙe makullin. Na ga mutum ya kusa fasa gidan makulli a bakin asibiti, alhali kan batir ne ya kwance.

Ciwo na biyu shi ne cinyewa, kuma nan ne nake so in daɗe, domin nan ne muke cutar kanmu. Makulli ƙarfe ne mai taushi. Mota ta yi shekara 15 a Turai, ta zo Kwatano, ta shigo hannu na ɗaya, na biyu, kai ne na uku, kuma makulli ɗaya aka miƙo maka. Haƙoransa sun side kamar tsohon kwabo. Sai ka kai shi a yanka maka wani, mai yankan kuwa abin da ya gani shi zai kwafa, wato ya kwafo maka tsufan a jikin sabon ƙarfe. In aka sake kwafa daga wannan, kuskuren sai ya ƙaru. Shi ya sa in kana da makulli 2, ka ajiye wanda ya fi lafiya, daga shi za a riƙa yanka. Ƙwararren mai gyara yana iya duba faya-fayan cikin bututun ya yanka maka daidai da yadda yake tun asali, ko ya sauya waɗanda suka cinye. Ku nemi irin wannan, ku bar mai gaggawa.

Sa'an nan ga ƙura. Mu da muke garin nan ba sai an ba mu labarin ƙura ba, ta hunturu daban, ta guguwar da take tasowa gabanin ruwan farko daban. Tana shiga ramin makulli, makullin ma da kansa yana kwaso ta daga aljihu, tare da ɓurɓushin goro da zaren riga. To in ka zuba baƙin mai, ko man gyaɗa, ko manja kamar yadda na ga wani ya yi, ranar zai yi santsi ka ji daɗi. Bayan wata ɗaya man ya haɗu da ƙura ya zama kamar ƙullun tuwo, 'yan sifirin ɗin nan su kasa tashi. Abin da ya dace shi ne busasshen abu. Bakin fensir da dattijon nan ya goga, shi ne dai garin da ake sayarwa musamman don makullai. Akwai kuma na fesawa da aka yi don wannan aiki, wanda yake bushewa ba ya barin danƙo. Kaɗan ake sawa, a zura makulli a zare sau da yawa, a goge dattin da ya fito.

A nan zan ja kunnen waɗanda ruwa ya taɓa motocinsu. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau, daren 9 wayewar 10 ga Satumba 2024, wadda dattawa suka ce tun ta 1994 ba a ga irinta ba, ta shanye motoci masu yawa a garin nan, wasu har rufinsu. Da ruwa ya janye kowa ya ruga ya juye man inji, ya wanke tanki, ya shanya kujeru. Gidan makulli kuwa ba wanda ya tuna da shi. Laka ta kwanta a ciki, tsatsa tana cin sifirin da wayoyi sannu a hankali, ba ta nuna kanta sai bayan watanni. Wanda motarsa ta nutse, da wanda ya sayi mota da araha bayan ambaliya bai tambayi dalilin arahar ba, ya kai a buɗe masa wurin nan a wanke.

Yanzu ga wanda ya shafe mu 'yan kasuwa kai tsaye. Kowa ya taɓa aljihunsa. Na san akwai mai makulli 10 a zobe ɗaya a cikin ɗakin nan: na shago, na sito, na kwaɗon ƙofar gida, na ɗakin amarya, na akwatin kuɗi, ga abin yanke farce, ga 'yar tocila. Ni nawa 14 ne ran da mai gyara ya ƙirga. Duk wannan nauyi yana rataye a jikin makullin mota, yana lilo, kowane rami ka faɗa sai ya fizgi bututun. Daga nan zuwa Kano ramuka nawa ne? Haka faya-fayan suke cinyewa ta gefe guda, ramin ya buɗe, makulli ya fara rawa.

Kada ku ɗauka zancen bakin kasuwa ne. A Amurka, a shekarar 2014, kamfanin General Motors ya janye ƙananan motoci kimanin miliyan 2.6 saboda makunnin nan. Wani ɗan ƙarfe mai sifirin da yake riƙe makulli a mazauninsa ne aka yi shi bai kai yadda ya kamata ba, bambancin bai cika milimita 2 ba. In zoben makulli ya yi nauyi, ko gwiwar direba ta taɓa shi, ko mota ta daki rami, sai makullin ya koma baya ana cikin gudu. Inji ya mutu, sitiyari ya yi tauri, birki ya yi nauyi, jakar iskan da take kare mutum in an yi karo ita ma ta ƙi buɗewa. Asusun diyyar da kamfanin ya kafa ya amince da mutuwar mutum 124, kuma a 2015 kamfanin ya yarda ya biya gwamnatin ƙasar tarar dala miliyan 900. Shawarar farko da suka ba masu motocin kafin a gyara ita ce su cire komai daga zoben, su bar makullin mota shi kaɗai. Nasu kuskuren ƙira ne, namu tsufa ne, amma makullin da ya saki, ko a Amurka ko a hanyar Damboa, abu ɗaya yake jawowa.

Wannan ya kawo ni ga wata ɗabi'a da ta yaɗu tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023. Direba ya hau gangara, irin ta wajen Biu ko ta hanyar Jos, sai ya kashe inji wai yana tattalin mai. Jama'a, in inji ya mutu, taimakon da birki yake samu taku 2 ko 3 ne ya ƙare, sitiyari kuma ya koma kamar na tirela. Mafi muni, in hannu ya zarce da makullin har ƙarshe ya fito, ko kuwa gidan ya riga ya cinye, sakatar nan tana iya faɗawa, sitiyari ya kulle kana tsakiyar kwana. Man cokali nawa ka tara? In kun shiga motar haya kuka ga direba yana haka, ku yi magana, ba rashin kunya ba ne. Haka kuma in za a ja mota da igiya, makulli ya kasance a ciki, a murɗe, sitiyari a sake.

To in abin ya riga ya faru, makulli ya karye a ciki fa? Kada ka tura guntun da ya rage a hannunka wai ka haɗa su ka murɗa, ƙara cusa shi kake yi. Kada ka ɗiga gam wai ya kamo shi, in gam ya zuba cikin faya-fayan nan sai dai sabon gida. In guntun ya leƙo, ɗan hantsaki ya isa. In ya nutse, masu gyara suna da siririn ƙarfe mai ƙugiya da suke zaro shi. Ka yi haƙuri ka aika a kira su. Sukudireba da guduma kuwa, aikin ɓarayi ne, kuma ɓarnar da suke yi ta fi kuɗin mai gyara sau da yawa.

Akwai kuma abin da ake yi in an gaji, wato a kira mai wayarin ya yanke wayoyi ya haɗa kai tsaye, ko ya sa ɗan maɓalli a ƙarƙashin sitiyari. A daji, don a fita daga hatsari, ban hana ba. Amma a mai da shi zaman dindindin, ban yarda da shi ba, ko da ƙanena ne. Haɗa waya ba ya janye sakata, sai an fasa ta, in kuwa aka fasa ta rabi da rabi, ranar da ta ga dama za ta faɗa. Wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda tana zafi, ga mota cike da atamfa. Sa'an nan ku tuna garin da muke. Ka iso shingen bincike da dare, a haska tocila a ga wayoyi na reto, gidan makulli a fashe. Kafin ka gama bayanin cewa motarka ce, ka sha zama, in ma takardunka sun cika ke nan. Mu da iyayenmu suka zo garin nan neman halali, masu masaukinmu suka karɓe mu hannu bibbiyu, bai kamata a riƙa ganin 'ya'yanmu da mota mai kama da ta sata ba.

Ciwo na uku, na makunnin wuta, alamarsa daban ce. Makulli yana juyawa lafiya lau, amma fitilun gaban direba ba su kawo ba, ko su kawo su ɗauke, ko mota ta tashi da ka saki makulli ta mutu, ko ka ji wurin ya yi zafi. Kafin a zargi makunni a duba batir da kawunansa da fis. In shi ne, sau da yawa ana iya sauya shi kaɗai ba tare da an taɓa bututun ba, ka ci gaba da makullinka na da. Wasu masu gyaran ba za su gaya maka haka ba, sai su ce a sayo gida sukutum.

Motocin da suka fi sabunta kuma suna da wata 'yar na'ura a cikin baƙin kan makullin, wadda take gaisawa da ƙwaƙwalwar mota. Tun 1998 ƙasashe irin su Jamus da Ingila suka wajabta wannan a kan sababbin motoci saboda sata, don haka yawancin na Kwatano da muke saye yanzu suna da shi. Irin wannan in ka yanka makulli a bakin titi, zai buɗe ƙofa, zai juya, amma inji ba zai kama ba, sai an haɗa shi da ƙwaƙwalwar ta kwamfuta. Yin na biyu alhali na farko yana hannunka abu ne mai sauƙi. In ka bari ɗayan ya ɓace, kuɗin sai ya ninka, wani lokaci har sai an nemo kaya daga Kofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, mota tana zaune. Kuma kada a bar kan makullin nan ya faɗa ruwa ko yara su riƙa jifa da shi. Masu motar dannawa, wadda ba a zura mata komai, in ta ce ba ta ga makulli ba, galibi ɗan batirin cikinsa ne ya yi sanyi. A yawancinsu in ka manna shi a jikin maɓallin ka danna, za ta tashi.

In ta kama a sayi gida na hannu, a saya a shagon da aka sani, tare da makullinsa, a karɓi rasit. Wanda yaro ya kawo maka a leda da rabin kuɗi, ka tambayi kanka daga jikin motar wa aka ciro shi.

Ni dai tun daga ranar Benisheikh, makullin motata shi kaɗai yake a zobensa. Na biyun yana ɗinke cikin 'yar jaka a aljihun ciki duk ran da zan yi tafiya, ba a cikin motar ba, ba kuma a kwabar uwargida ba. Akwai guntun fensir a aljihun mota. In zan tsaya, sai na miƙar da tayoyi tukuna in kashe. Dattijon nan kuwa na neme shi sau 2 a wurin da muka haɗu, da turmin shadda a hannuna, ban same shi ba, kuma ban ma tambayi sunansa ba a ranar saboda sauri. Shaddar tana nan a shago na ware ta.

Shugaba, na ga ana yi mini nuni da agogo. Mai tambaya ya same ni bayan salla, motata tana waje, zan nuna masa yadda ake girgiza sitiyarin.